Mataccen Itace Ya Fi Rayayye Kasuwa

A gidan tarihin ƙasa na Boubou Hama da ke Yamai akwai wata rumfa da aka gina musamman saboda gawar itace guda ɗaya. Itacen Tenere ke nan, wata ƙaya da ta daɗe tsaye ita kaɗai a tsakiyar rairayi, a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a ƙarshen 1938 zuwa farkon 1939, an tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana bin ruwa. Madugai sun yi ta wucewa ta gefenta, ba wanda ya karya reshenta don dafa shayi, ba wanda ya saki raƙuminsa ya cinye ganyenta. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, a filin da babu abin karo sai ita. A watan Nuwamba na wannan shekara aka ɗauko gawar aka kai Yamai, daga baya aka kafa wani itacen ƙarfe a gurbinta.

Ba ni da ja a kan wannan girmamawa, ta cancanta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. A ƙasar nan guda, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram, manoma sun rayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a cikin gonakinsu, a fili mai faɗin hekta miliyan 5, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa yau. Masana da suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi ne suka fitar da wannan lissafi. To ina rumfarsu? Itacen da ya mutu yana da ɗaki, yana da mutum-mutumi, har kan sarki aka buga da hotonsa. Miliyan 200 da ke raye kuwa da wuya ka gan su a bangon wani zauren baje koli. Maganata ita ce: abin da ake kira zanen muhalli a yankinmu ya koma sana'ar sayar da gawa, kuma laifin ya fi rataya a wuyan masu tsara baje koli fiye da masu riƙe da burushi.

Duk wanda ya saba leƙa baje kolin zane da hotuna da ake shiryawa da sunan sauyin yanayi, ko a cibiyoyin al'adu na manyan biranenmu ko a gefen tarurrukan ƙasashen waje, ya haddace kayan da ake bajewa. Ga ƙasa ta tsattsage kamar gindin tsohuwar tukunya. Ga ƙashin saniya a rairayi. Ga mace da jarka a ka, ƙafa ba takalmi, ta nufi wani wuri da ba a nuna ba. Ga yaro ya ƙura wa mai kallo ido. Launin duka ɗaya ne, ja-ja mai ƙura. Ka goge sunan mai zanen ka sa na wani, ba wanda zai gane. Ka goge sunan ƙasar ka rubuta Mali ko Cadi ko Somaliya, ba abin da zai ragu. Zanen da za a iya yi wa haka bai taɓa kallon wata ƙasa ba. Daga wani hoto aka kwafo shi, shi ma wancan daga wani.

Kada wani ya ce ina musun fari. Kakanninmu sun raɗa wa yunwa suna don sun gan ta ido da ido: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, El-Buhari ta 1984. Farin 1973 da 1974 ya ƙarar da garkunan makiyaya, yana kuma cikin abubuwan da suka kayar da gwamnatin Diori Hamani. Sai dai hoton da duniya ta ɗauka a waɗannan shekaru shi ta manna a bango ta ƙi saukewa. Yau ruwa yana kashe mu kamar yadda rashinsa ke yi. A 2020 kogi ya karya shingen da aka yi masa ya shiga unguwannin Yamai. Daminar 2024 ta kashe ɗaruruwan mutane a Nijar, ta shafi fiye da miliyan guda. A farkon watan Satumba na shekarar tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya zube, mako guda bayan haka madatsar Alau ta fashe ruwa ya mamaye Maiduguri. Mutum yana tsamo tabarmarsa daga laka, mai tsara baje koli yana neman wanda zai zana masa busasshen tafki.

Tafkin Cadi ma haka. Gaskiya ne a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, kuma fari ya shanye mafi yawansa a shekarun 1970 da 1980. Jerin taswirar nan da ke nuna shi yana ƙanƙancewa har ya koma ɗigo an yi ta maimaita shi a allunan baje koli har ya zama kamar karatun allo. Amma binciken tauraron ɗan'adam da aka wallafa a 2020 ya nuna ruwan tafkin ya daina raguwa tun shekarun 1990. Abin da ya raba masunta da manoman bakin tafkin da abincinsu shi ne yaƙi, da kuma ruwan da ba a san ranar zuwansa ko iyakarsa ba. Wannan ya fi wuyar zanawa, shi ya sa aka zaɓi mai sauƙin.

Ruwa ba ya tsami banza. Mai zane a Yamai ko Maraɗi ba shi da kasuwar gida da za ta riƙe shi. Fenti daga waje yake zuwa, ƙyallen zane ma haka, kuɗin haya ba ya jira. Masu saye su ne ƙungiyoyin agaji da ofisoshin jakadanci da baƙi masu wucewa. Su kuwa ba kai tsaye suke zuwa ba, ta hannun mai tsara baje koli suke biyowa. Shi ke rubuta taken, shi ke zaɓen wanda zai shiga, shi ke cewa wannan a rataye shi a bakin ƙofa wancan a lungu, shi ke rubuta bayanin da ke ƙarƙashin kowane aiki, da Faransanci ko Ingilishi. Mai zane ba wawa ba ne, ya ga irin aikin da aka ɗauka bara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ita kuma ƙungiya hoton da zai sa mai hali a Turai ya buɗe jaka take nema, kuma tausayi ke buɗe jaka. Hoton manomi tsaye gaban cikakken rumbu ba ya kawo ko dala.

Babban aibin irin wannan zane shi ne akwai wanda aka cuta amma babu macuci. Ka zagaye zauren kaf, laifin rana ne, ko na iska, ko na wani abu mai suna hamada da aka ce tana tahowa kamar rundunar yaƙi. An bar jaki ana dukan taiki. Alhali ɓarnar muhalli a ƙasar nan tana da suna, tana da adireshi. A Arlit an fara haƙar yuraniyom tun 1971 ƙarƙashin jagorancin kamfanin Faransa da ake kira Orano yanzu, Areva a da. Da mahaƙar COMINAK ta rufe a watan Maris na 2021, bayan ta yi aiki tun 1978, ta bar tsibin dusar ma'adini mai tururin nukiliya kimanin tan miliyan 20 kusa da gari, wanda a lokacin kamfanin ya ce yana aikin rufewa. Ga tsauni da hannun mutum ya gina, ga iskar da ke kaɗawa ta kansa ta shiga gidajen mutane. Amina Weira, ɗiyar wani tsohon ma'aikacin mahaƙar, ta yi fim a kan wannan iska a 2016. Ina masu zane? Ina mai tsara baje kolin da zai ce a bana takenmu ke nan?

Kuma kada mu ɗora wa baƙo komai. A 1965 aka fara dasa wa Yamai ɗamarar itatuwa, akasarinsu dogon yaro, har ta kai kimanin hekta 2,500. Ba Bature ne ya yanka ta filaye ya sayar ba. Motocin itace da gawayi da ke shigowa birane kullum ba daga Faris suke ba. Masu wanke zinariya da sinadarai masu guba a Komabangu ƴan uwanmu ne, masu ba su izini ma namu ne. Zanen da ya nuna takardar fili a kan kututturen dogon yaro ya fi ƙashin saniya dubu faɗar gaskiya. Sai dai ƙashin saniya ba ya ɓata wa kowa rai, ba ya hana minista zuwa yanke kirtani ranar buɗe baje koli.

Wannan ciwo bai tsaya a kanmu ba, daga sama ya gangaro. A watan Disamba na 2015, lokacin babban taron sauyin yanayi na Faris, fitaccen mai fasahar nan Olafur Eliasson ya sa aka tsamo manyan curin ƙanƙara 12, nauyinsu kusan tan 80, daga tekun Girinland. Aka zuba su cikin kwantenoni masu sanyi, jirgin ruwa ya kai su Denmak, manyan motoci suka ƙarasa da su Faris, aka jera su kamar fuskar agogo don mutane su taɓa su ji suna narkewa. Waɗanda aka ba aikin lissafi sun ce ɗawainiyar ta fitar da iskar kabon kimanin tan 30. Ɗan Nijar guda kuwa abin da yake fitarwa a shekara kimanin kashi ɗaya cikin goma na tan ne. Ke nan don a nuna wa mutanen Faris cewa ƙanƙara tana narkewa, an ƙona rabon mutum 300 na shekara guda. Na san amsar masu kare aikin: dubban mutane sun gani, zuciyarsu ta motsa. Ta yiwu. Amma darasin da ƙananan masu tsara baje koli suka ɗauka shi ne a ɗauko abin da ke mutuwa daga ƙasa mai nisa, a kawo wa masu hali su shafa su yi juyayi su koma gida. Mu ba mu da ƙanƙara, sai aka ɗauki fuskokinmu.

A Turan dai akwai wanda ya bi wata hanya, kuma labarinsa ya fi tona asirin lamarin. A 1982, a babban baje kolin documenta da ake yi a garin Kasel na Jamus, Joseph Beuys ya ce aikinsa shi ne dasa itatuwa 7,000 a cikin gari, kowanne da dogon dutse a gefensa. Ya tara duwatsun a dandali, ba a ɗauke ɗaya sai an dasa itace. Ya rasu a 1986, ɗansa ya dasa na ƙarshe a 1987. Har gobe ana karantar da wannan aiki a makarantun zane na duniya, kuma ya cancanta, don ya sauya fuskar gari. To mai karatu, yi lissafi da kanka. Itace 7,000 a Kasel ya zama babi a tarihin fasaha. Miliyan 200 a Maraɗi da Damagaram ya tsaya a rahoton ma'aikatan gona. Ba cewa nake a raɗa wa manoma sunan masu zane ba, ba su roƙa ba. Cewa nake babban sauyin da idon mutum zai iya gani a ƙasar nan cikin shekara 40 ya faru a gaban masu zanenmu, an kuwa koya musu kallon wani gefe.

Ga yadda abin ya faru, don a ga irin abin kallon da aka yi watsi da shi. Shekara da shekaru ana rainon dashe a leda ana rabawa, mafi yawa suna mutuwa kafin damina ta zagayo. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya da ke aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da manomi ke sassabewa kowace bazara tohon tsofaffin kututture ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta bukatar leda ko ban ruwa. Manomi ya zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya tsare su daga akuya da gatari. Sassaben zamani aka kira shi. Waɗanda suka fara an yi musu dariya, don gonar ƙwarai a wancan lokaci ita ce wadda aka share tas. Abin ya bazu ne da manoma suka ga gero ya fi kyau kusa da itatuwan, ga makamashi ga abincin dabba, da kuma lokacin da aka sassauta tsohuwar dokar da ta mai da kowane itace na gwamnati, manomi ya tabbata abin da ya raina nasa ne. A nan akwai hannu da wuƙa, akwai gardama tsakanin uba da ɗa, akwai macen da tafiyar neman itace ta ragu mata, akwai rikicin wanda ya sari reshen wani da dare. Duk wannan bai isa zane ba?

Ɗauki gawo shi kaɗai. Itace ne da ya saɓa wa kowa: da damina, lokacin da duniya ta yi kore, shi yake zubar da ganye ya tsaya fari fat, da rani kuwa, lokacin da komai ya bushe, shi yake yin lif. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar taki ne, ƴaƴansa abincin bisashe ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. An ruwaito cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun sa doka mai tsanani a kan sarensa. Baƙon da ya zo a watan Agusta ya ga gawo ba ganye zai ɗauki hotonsa ya rubuta a ƙasa cewa ga itacen da fari ya kashe. Ɗan ƙauye zai yi dariya, amma ɗan ƙauye ba ya cikin zauren. Mai zanen da bai bambanta gawo da bagaruwa ba, bai san kalgo daga sabara ba, ya daina ce mana muhalli yake zanawa. Labarin da ya ji a rediyo yake zanawa.

Ba yau aka fara kallon halitta da idon basira a wannan ƙasa ba. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, babbar ta haura mita 5, tare da wasu zane-zane sama da 800 a duwatsun wurin. Wanda ya yi wannan aiki ya san dabbar kamar tafin hannunsa: kowane tabo na fatarta a wurinsa, lanƙwasar wuya, tsayuwar ƙafa. Saboda ya kalla da kyau, yau aikinsa shaida ne cewa inda rairayi yake a da akwai ciyawa da ruwa. Babu wani zanen sauyin yanayi da ya kai wannan ƙarfi, kuma mai shi bai yi don ya ba kowa tausayi ba. Jikokin dabbar suna nan a Kure, kusa da Yamai. A 1996 saura 49 suka rage a duniya, cikin shekara ashirin da ƴan kai suka haura 600, suna kiwo a gonakin mutane, suna cin waken manoma, ana faɗa ana shiryawa. Wannan zaman tare mai daɗi da ɗaci shi ne muhalli, kuma ya fi ƙashi a rairayi wuyar kamawa.

Akwai wani reshe na wannan kasuwa da ake kira fasahar bola. A tara ledar ruwa da murafun kwalba da tsofaffin silifa, a manna a katako, a ce ana wayar da kan jama'a. Yawanci El Anatsui ake kwaikwayo, ɗan Gana da ya koyar a jami'ar Nsukka tun 1975, wanda ke ɗinke dubban murafun kwalaben giya da wayar tagulla su zama kamar wani ƙaton mayafi. Sai dai shi ya san dalilin da ya zaɓi murfin giya: giya tana cikin hajar da Turawa suka kawo gaɓar teku suka musanya da bayi. Kayan aikinsa suna ɗauke da tarihi. Masu kwaikwayo sun ɗauki bolar sun bar tunanin. Nijar ta kafa dokar hana leda tun 2014, ledar na nan tana rataye a kan kowace ƙaya, tana cika cikin tumaki. Kifin leda da aka rataye a zaure bai tambayi kowa dalili ba. A kasuwar Katako ta Yamai kuwa, mutane sun shekara da shekaru suna narka gwangwani su zuba tukunya, suna yanka tsohuwar taya su fitar da guga da takalmi. Su ba a kiran su masu fasaha. In an tuna da su, don su ƙera wa wani aikin da zai sa wa sunansa ne.

A nan ne mai tsara baje koli na ƙwarai zai ga aikin da ke jiran sa. Kusan kowace sana'ar ado ta Bahaushe tana da itacen da take tsaye a kansa. Makubar da ake shafe bangon gida da ita, irin gidajen Birnin Damagaram masu zane, daga kwasfar ɗorawa take. Majemi ba ya aiki sai da bagaruwa, jan fatar dukawa daga karan dafi yake. Marini yana jiran baba. Allon almajiri aduwa ne, tawadarsa sai da ƙaro. Turmi da gawayin maƙeri ƙirya ce. Tabarma da faifai kaba ce, har akwai kwarin da ya ci sunanta, Gulbin Kaba, inda yawan yanka ya hana goriba da yawa girma. Ka jera waɗannan a zaure ɗaya, kowane aiki kusa da reshen da ya haife shi, ka rubuta sunan wadda ta saƙa da sunan garinta, ka tambaye ta tafiyar da take yi yau kafin ta sami kaba da wadda uwarta ke yi. Mai kallo zai fita ya san abin da zai rasa in itacen ya tafi, ba tare da an nuna masa gawa ko ɗaya ba.

Za a ce mutanenmu ba su damu da zane ba, wasu ma suna ƙyamarsa saboda addini, don haka dole a nemi baƙo. Wannan uzuri ne na malalaci. Saɓanin malamai a kan surar mai rai yake. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa da wani mai sana'ar yin hotuna ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, ya gargaɗe shi a kan masu rai, sannan ya nuna masa itatuwa da abin da ba shi da rai. Ashe ƙofar zanen itace da gona da gulbi a buɗe take tun fil azal. Mutanen da ke zayyana allo, suna yi wa ƙwarya zane, suna cika bayan babbar mota da furanni da tsuntsaye, ba za a ce ba su son ado ba. Abin da ba su so shi ne zauren da ke da mai gadi a ƙofa da bayani cikin harshen da ba su ji.

Kuma an gwada an gani. Ibrahim Mahama, ɗan Tamale a arewacin Gana, ya yi suna da ɗinke tsofaffin buhunan koko da gawayi yana lulluɓe manyan gine-gine da su, har a baje kolin Benis na 2015. Kuɗin da ya samu bai tare da su a Landan ba. Ya koma Tamale ya buɗe cibiyar fasaha a 2019, ya ƙara da wani fili da ya jibge tsofaffin jiragen sama ya mai da su azuzuwa, ƴan makaranta suna tururuwa. A Kamaru, Barthélémy Toguo ya gina tasa cibiyar a Banjun ya haɗa ta da gona. Tamale ba ta fi Maraɗi ko Damagaram masu kallo ba. Abin da ta samu shi ne mutumin da ya yanke shawarar wa yake so ya gani.

Za a kuma ce zane ba aikin malamin gona ba ne, mai zane ɗa ne, yana da ikon zana baƙin ciki. Haka ne. Wanda ya rasa garkensa ya zana ƙashi, ba mai hana shi, kuma za a ga bambanci, don shi ya san sunan saniyar. Ƴancin da ake magana a kai shi nake nema wa mai zane, don wanda ke zana abu ɗaya shekara goma saboda shi kaɗai ake saye ba ɗa ba ne. Ba kuma kira nake a koma zanen kore na ƙarya ba. Muna da isasshensa. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace a Nijar, kowace shekara ga hoton babban mutum ya durƙusa da dashe a hannu, ba mai komawa a watan Afrilu ya ɗauki hoton ramin. Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007 tana da kyawawan alluna, amma rahoton 2020 ya nuna hekta miliyan 4 aka gyara a zirin da aka shata, cikin miliyan 100 da aka yi alkawari kafin 2030. Allon gawa da allon minista ɗan juma ne da ɗan jummai, dukansu don wanda ke nesa aka yi su.

Saboda haka ga abin da ya kamata mu riƙa tambayar duk wanda ya ce zai shirya baje koli da sunan muhallinmu. A faɗa mana wanda ya biya kuɗin, a rubuce a bakin ƙofa, don mu san abin da ba za mu gani a ciki ba. Kowane aiki ya zo da sunan itacen da sunan garin da sunan mutumin da ke ciki, da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek, kafin a zo ga Faransanci. Inda aka ɗauki hoton nan za a fara nuna shi, ranar kasuwa, a bangon makaranta ko a gindin tsamiya, matar da ke ɗauke da jarkar ta tsaya gabansa ta faɗi ra'ayinta. Maƙeri da masaƙiya da suka sa hannu a biya su kamar kowa, a rubuta sunansu da girman harafi ɗaya da na mai digiri. A kuma ba mai zane lokaci. Mako biyu a otal ba ya isa a san gona, sai an ga rani an ga damina an ga kaka. Tun ran gini ran zane.

Ku kuma ƴan uwa masu zane, na san tuwo ba ya jiran gyaran duniya. Ku sayar da abin da ake saye in ya zama dole. Amma kowane ɗayanku yana da ƙauye, ko uwa tana da shi. Ku je ku zauna da tsohon da ke datse rassa a bazara, ku tambaye shi me ya sa ya bar wannan ya cire wancan. Shi ma ido yake aiki da shi, yana hango surar itacen da ba zai cika ba sai bayan shekara goma. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, shi ya kuma san inda ya toshe. Duk baje kolin da wannan tsoho zai shiga ya kasa gane gonarsa, a sauke shi daga bango.